"Ban Yarda Ba!": Lacca a Kan Burga a Wasan Karta



Shugaban wannan zama, malamaina, iyayena maza da mata, 'yan'uwana ɗalibai. Na san akwai waɗanda suka ga taken laccar nan suka ɗan yamutsa fuska, kuma da gaskiyarsu. A wurinmu karta ba ta da suna mai kyau. Da an ambace ta sai hankali ya tafi bayan tasha, ko gindin wata bishiya a ƙarshen kasuwa, inda magidanci ke zama da kuɗin cefane ya tashi hannu rabbana. Zan zo kan wannan, ba zan kewaye shi ba. Amma ku ara mini kunnuwanku tukuna. Abin da ya kawo ni shi ne wani jinsi na wasan karta wanda ginshiƙinsa burga ce: ka nuna kana da abin da ba ka da shi, ko ka ɓoye abin da kake riƙe da shi, sauran 'yan wasa kuma su yanke shawara, su yarda ko su ƙi. Na daɗe ina juya wannan wasa a raina, kuma abin da na tarar a ƙarƙashinsa ya saɓa wa abin da na zata da farko.

Na fara saninsa ne a ɗakin girki na wani gidan kwanan ɗalibai a Ingila, cikin hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, sanyi kuma ya hana kowa leƙa waje. Mu biyar muke haɗuwa bayan abincin dare: ni, da wani ɗan Rasha, da Bafaranshe, da ɗan Ajantina, da wani ɗan Indiya mai karatun lissafi wanda yakan wuni bai furta kalma goma ba. Wani dare Bafaranshen ya fito da karta ya soma bayanin wani wasa da ya ce a ƙasarsu sunansa "maƙaryaci". Bai kai rabi ba ɗan Rashan ya tari numfashinsa, ya ce ai wannan nasu ne, suna ce masa "na yarda, ban yarda ba". Ɗan Indiyan ya gyaɗa kai, shi ma ya san shi tun yana yaro. Turawan Ingila suna kiransa Cheat. Ni na raɗa masa Ban Yarda Ba, kuma da wannan suna zan kira shi yau.

Ga yadda yake. Ana raba katunan nan 52 kaf a tsakanin 'yan wasa. Na farko ya ajiye kati ɗaya, ko biyu, har zuwa huɗu, a kife a tsakiyar tebur, ya ce, misali, "ɗaya, guda biyu". Na kusa da shi dole ya kira biyu, na gaba uku, haka har a kai barde da sarauniya da sarki, waɗanda ke matsayin 11 da 12 da 13, sannan a komo kan ɗaya. Ba a tsallake layi. In layi ya zo kanka ba ka da lambar da ake nema, tilas ka ajiye wani katin ka kira shi da sunan da ba nasa ba. Duk wanda ya ji bai gamsu ba sai ya ce "ban yarda ba", a buɗe. In burga ce, mai ajiyewa ya kwashe tarin katunan da ke tsakiya duka. In kuwa gaskiya ya faɗa, wanda ya musa shi zai kwashe. Wanda ya riga kowa zubar da katunan hannunsa shi ya ci.

Ku lura da wannan doka ta kwashe tari, domin a nan ruhin wasan yake. Mai burga yana biya in an kama shi, mai zargi ma yana biya in ya zargi mai gaskiya. A zamanmu na yau da kullum zargi araha gare shi. Mutum ya ce wane ɓarawo ne, wance maƙaryaciya ce, in ta tabbata ba haka ba ne ya kaɗe rigarsa ya yi gaba. A kan teburin nan kuwa na ga ɗan Rashan nan, wanda ba ya iya jin magana bai musa ba, yana riƙe da katuna fiye da ashirin kamar mafici, duk na zargin banza. Cikin 'yan darare ya koyi yin shiru. Ya koyi duba hannunsa kafin ya buɗe baki: in wani ya ce ya ajiye tara guda uku alhali shi yana riƙe da tara biyu, to ba shakka burga ce, tunda huɗu kaɗai ke cikin karta. In ba shi da irin wannan hujja, sai ya auna girman tarin, ya tambayi kansa ko zai iya ɗaukar nauyinsa in ya kuskure.

Ita kartar kanta ba a Turai aka haife ta ba. Asalinta daga Sin ne, kuma ta shiga Turai a shekarun 1370 ta hanyar daular Mamluk ta Masar. A fadar Topkapi da ke Santambul akwai tsohuwar kartar Mamluk mai gida huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan wasan ƙwallon doki, babu hoton mutum ko ɗaya a jikinta. Manyan katunanta su ne maliki da na'ibinsa da na'ibi na biyu, kuma daga kalmar na'ibi ne ake ganin mutanen Sifen suka samo sunan da suke kiran kati da shi, naipe. Ba ta daɗe da isa ba hukuma ta fara yaƙi da ita: birnin Florence na Italiya ya hana wasanta a 1377. Ashe ƙorafin da iyayenmu ke yi a kanta ya girme su da ƙarnuka.

Wasan burga da ya fi kowanne suna a duniya shi ne poka. Ya tashi ne a kudancin Amurka a farkon ƙarni na 19, a birnin New Orleans da cikin jiragen ruwan da ke zirga-zirga a kogin Mississippi. Wani ɗan wasan kwaikwayo Bature, Joseph Cowell, ya ba da labarin yadda ya ga ana yin sa a 1829 da katuna ashirin kacal, mutum huɗu, kowa biyar. Yana da dangi a Turai, irin su poque na Faransa da brag na Ingila, wanda ma'anar sunansa cika baki ce. A poka ba ka cewa "ina da kaza". Zubi kake ƙarawa a tsakiya, abokan wasa su zaɓa: su bi ka da kwatankwacin abin da ka zuba a buɗe katuna, ko su janye su bar maka tarin ba tare da sun ga hannunka ba. Wannan damar ta cinye wasa da hannun da bai kai ba, ita ce ta ja hankalin ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na ƙarnin da ya wuce.

Sunansa John von Neumann, haifaffen Budapest a ƙasar Hungari a 1903. Abokinsa Jacob Bronowski ya ba da labarin cewa von Neumann bai ɗauki wasan dara na Turawa a matsayin hoton rayuwa ba, saboda komai nasa a fili yake. Ku dubi darar da dattawa ke yi a ƙofar gida: gurabun suna nan a ƙasa, 'ya'yan kowa suna gaban idon kowa, ba abin da ke ɓoye sai abin da ke cikin kai. Rayuwa ba haka take ba. Ɗan kasuwa bai san abin da ke aljihun mai saye ba, sarkin yaƙi bai san yawan dakarun da ke bayan tudu ba. Von Neumann ya buga maƙalarsa ta farko a kan lissafin wasanni a 1928, sannan a 1944 shi da masanin tattalin arziki Oskar Morgenstern suka fitar da babban littafin da ya kafa wannan fanni, kuma a cikinsa akwai dogon sashe a kan poka da burga. Abin da ya gano ya ba mutane mamaki. A cikin sauƙaƙaƙƙen wasan da ya tsara, ɗan wasa mai hankali yana ƙara zubi ne in hannunsa ya yi kyau ƙwarai, ko kuma in ya lalace ƙwarai. In yana tsaka-tsaki sai ya lafa. Dalili shi ne, matsakaicin hannu yana iya ci da kansa in an buɗe, mataccen hannu kuwa ba shi da wata hanya sai ta burga.

Ina so mu ga wannan da idonmu, don haka zan ɗan daɗe a nan. A 1950 wani masanin lissafi, Harold Kuhn, ya rage poka zuwa kati uku: sarki, sarauniya, barde. Sarki ya fi sarauniya, sarauniya ta fi barde. Mutum biyu ne, kowa ya zuba tsakuwa ɗaya a tsakiya, a ba kowa kati ɗaya, na ukun a ajiye shi gefe a kife. Mu ɗauka na farko ya ce ya wuce, bai ƙara ba. Layi ya zo kan na biyu. In sarki ne a hannunsa, ba shawara, zai ƙara tsakuwa ɗaya. In barde ne fa? Ya san in aka buɗe ya faɗi, tunda kowane kati ya fi nasa.

A ce shi mutum ne da ba ya taɓa yin burga. Ba za a yi zagaye goma ba abokinsa zai gane cewa duk sa'ad da ya ƙara, sarki ne. Daga nan mai sarauniya zai riƙa janyewa kullum, sarkin nasa ba zai sake jawo masa ko tsakuwa ɗaya ta ƙari ba. A ce kuma shi ne mai burga a kowane lokaci. Nan ma za a gano shi, mai sarauniya ya riƙa bin sa kullum, bardensa ya riƙa jawo masa asarar biyu maimakon ɗaya. To ina tsakiyar? Ku tsaya a matsayin mai sarauniya. Akwai tsakuwa uku a tari, ana neman ka sa ɗaya ka gani. In ka janye, ka rasa ɗayar da ka zuba tun farko. In ka bi, ko ka ci biyu ko ka rasa biyu. Bi da janyewa za su zo maka daidai ne kawai idan cikin kowane ƙari huɗu da abokinka ya yi, ɗaya burga ce, uku gaskiya. Kafin lissafi ya fito haka, dole mai barde ya yi burga sau ɗaya cikin uku da barden ya faɗo hannunsa, sau biyu kuma ya haƙura. Wannan ita ce amsar da Kuhn ya fitar, kuma duk mai takarda da alƙalami a ɗakin nan zai iya tabbatar da ita kafin la'asar.

Uku gaskiya, ɗaya burga. Na ɗauka a da cewa gwanin irin wannan wasa shi ne wanda ya fi kowa iya shara ƙarya. Lissafi ya nuna mini cewa burga ba ta da abincin kanta, a akushin gaskiya take ci. Ana jin tsoron ƙarin mutum ne saboda yawancin lokaci da ya ƙara, da abin a hannunsa. Ranar da burgarsa ta rinjayi gaskiyarsa, maganarsa ta zama iska. Mun san wannan a kasuwa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, mai saye ya juya ya fara tafiya. Wannan juyawar tana aiki ne kawai saboda akwai masu juyawa da ba sa dawowa. Wanda 'yan kasuwa suka san cewa taku biyar yake yi ya waiwayo, ba mai kiransa.

Na'ura ma ta zo ta tabbatar da haka. A watan Janairun 2017, a birnin Pittsburgh, wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, wadda Tuomas Sandholm da Noam Brown na jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera, ta kara da ƙwararrun 'yan poka huɗu na tsawon kwana ashirin, zagaye 120,000, ta doke su. A 2019 ƙanwarta Pluribus ta yi nasara a tebur mai 'yan wasa shida, wanda ya fi wuya nesa ba kusa ba, saboda kowa yana lissafin mutum biyar. Waɗannan manhajoji suna burga, kuma ba wanda ya ce musu su yi. Sun gano ta ne da kansu ta hanyar yin wasa da kansu ba adadi. Ba su ganin fuskar kowa, ba su jin rawar muryar kowa.

Wannan ya kawo ni kan wata karin magana tamu da nake girmamawa amma nake so mu sake dubawa: labarin zuciya a tambayi fuska. A kan baƙin ciki da farin ciki, sau da yawa haka ne. A kan gane maƙaryaci kuwa, bincike bai goyi bayanta ba. A 2006 masana halayyar ɗan Adam biyu, Charles Bond da Bella DePaulo, suka tattara sakamakon bincike sama da 200 da aka yi da mutane fiye da 24,000, waɗanda aka nuna wa masu magana aka ce su raba mai gaskiya da mai ƙarya. Sun dace da kashi 54 cikin ɗari. Wanda ya rufe ido ya yi canke zai samu hamsin. A wani binciken da aka tambayi mutane a ƙasashe 58 yadda ake gane maƙaryaci, amsar da ta fi yawa ita ce wai ba ya iya haɗa ido. Amma da aka auna, kawar da ido ba shi da wata alaƙa ta kirki da ƙarya.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, kuma yana damuna. Mu an tarbiyyantar da mu cewa yaro ba ya zuba wa babba ido, mace mai kunya takan sunkuyar da kai, talaka a gaban sarki ƙasa yake kallo. Ɗan da aka yi wa wannan tarbiyya in ya tsaya gaban jami'in shige da fice a wata ƙasa, ko gaban mai tambayoyin ɗaukar aiki da ya yi imani cewa mai gaskiya ido cikin ido yake magana, ladabinsa ne zai zama shaida a kansa. A ɗakin girkin nan na ɗanɗana wannan. Makon farko kusan duk abin da na ajiye sai Bafaranshen ya ce bai yarda ba. Da na tambaye shi dalili, ya ce ai ba na kallonsa. Tarin katunan da ya yi ta kwasa ne ya raba shi da wannan zato. In ma akwai abin da ke tona asiri, ba lallai a fuska yake ba. Wani bincike da Michael Slepian da abokansa suka buga a 2013 ya nuna wa mutane gajerun hotunan bidiyo na ƙwararrun 'yan poka. Kallon fuskarsu bai taimaka wajen gane ƙarfin katunansu ba, amma kallon yadda hannunsu ke tura zubi zuwa tsakiya ya ɗan taimaka. Fuska an horar da ita, hannu an manta da shi.

Ɗan Ajantinan nan kullum yana ce mana wasanmu na yara ne, in muna son ganin burga ta gaske mu je ƙasarsu mu ga truco. Daga baya ya koya mana. Ana yin sa a Ajantina da Yurugai da maƙwabtansu da kartar Sifen mai kati arba'in, wadda har yau gidajenta su ne takubba, kofuna, zinariya da sanduna, kusan yadda Mamluk suka bar su. Kowa kati uku, yawanci biyu-biyu ake haɗa kai, ana neman maki talatin, ana ƙirgawa da ƙwayar wake ko tsinken ashana, ƙoƙon shayinsu na mate yana zagayawa hannu zuwa hannu. Abin sha'awa shi ne abokan haɗin kai suna sanar da juna abin da ke hannunsu da fuska, a gaban abokan hamayya. Ɗaga gira na nufin ɗayan takobi, katin da ya fi kowanne. Kashe ido ɗaya, ɗayan sanda. Cizon leɓen ƙasa, uku. Dole ka aika saƙon a daidai lokacin da idon abokin hamayya ya kauce, shi kuma yana iya yin kamar bai gani ba alhali ya gani. Surutu kuwa ba a magana: cika baki, tsokana, kurari irin na 'yan dambe kafin a sa zare. Marubucin Ajantina Jorge Luis Borges ya yi waƙa sukutum a kan wannan wasa a littafinsa na farko a 1923.

Amma a tsakiyar wannan hayaniya akwai kalmomin da ba a wasa da su. In ka furta "truco", ka ɗaga darajar zagayen zuwa maki biyu, ba janyewa. In abokin hamayya ya amsa da kalmar amincewa, ta zauna. In kuma ka faɗi yawan makin da ke hannunka a ɓangaren wasan da suke kira envido ka ci da shi, dole ka nuna katunan a ƙarshen zagaye, in ba su kai ba a ƙwace makin a ba abokan hamayya. Wato an shata fili, an ce a nan kowa ya yi burgarsa, an kuma kafa turaku an ce waɗannan ba a taɓa su. Masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya yi bayani a littafinsa Homo Ludens na 1938 cewa kowane wasa yana da da'irarsa, mai dokokin da suka bambanta da na waje, kuma da yardar masu shiga take tsayuwa. Mu ma muna da irinta. Mai tatsuniya takan buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa, daga nan gizo ya yi magana, kura ta je kasuwa, ba wanda zai ce Kaka ta yi ƙarya. Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, sukan gaya wa juna maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga alƙali, su rabu suna dariya, domin duka biyun sun san filin da suke ciki.

Na ga ranar da aka taka irin wannan turke. Wani baƙo ne ya zo daga wani benen ya zauna da mu. Ya ci zagaye biyu a jere da saurin da ya ba mu mamaki. Da ya miƙe zai ɗebo ruwa, sai ga katuna uku a kan kujerarsa, ya danne su da cinya. Ba wanda ya ɗaga murya. Ɗan Ajantinan, wanda ya fi kowa iya burga a cikinmu, shi ya fi kowa jin ciwo, har fuskarsa ta canza. Baƙon ya ce ai wasan na yaudara ne, mene ne bambanci? Bambancin a bayyane yake. Katin da na ajiye a kife yana gabanka, kana da ikon cewa a buɗe, kuma na amince tun farko zan biya in ka kama ni. Katin da ke ƙarƙashin cinya ba ka da hanyar bincikarsa. Wannan maguɗi ne. Mutum biyar da suka shafe wata guda suna yi wa juna burga ba su taɓa ƙirga katuna ba, saboda sun amince da juna. Daren nan muka ƙirga, kuma ba mu sake kiran baƙon ba.

Yanzu ga alƙawarin da na ɗauka a farko. Caca haramun ce, ba saɓani. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta ambace ta tare da giya, ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida kuma suka yanke hukunci, suka faɗi abin da take haifarwa: gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, da shagala daga ambaton Allah da salla. Duk abin da na faɗa a kan lissafin poka ba kira ba ne zuwa teburinta. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, ya samu gurbi ta intanet a babbar gasar poka ta Las Vegas, ya doke mutum fiye da 800, ya tafi da dala miliyan biyu da rabi, har da wata shahararriyar burga da ya yi wa abokin karawarsa Sam Farha a teburin ƙarshe. Labarinsa ya ja ɗimbin matasa cikin caca, kowa yana hango kansa a kujerar. Abin da ba a nuna musu a talabijin shi ne gidan caca yana yankar kasonsa daga kowane tari, don haka in aka haɗa 'yan wasa gaba ɗaya, kullum da asara suke tashi. Wannan lissafin ne dai ke cin 'ya'yanmu a cacar ƙwallo ta wayar hannu. Kuɗi in ya hau tebur, wanda ka yi wa burga ba zai yi dariya ba, domin abincin gidansa ka ɗauka.

Karta ba da kuɗi ba kuwa, malamai sun yi saɓani a kanta: akwai masu hanawa, akwai masu ƙyamata, akwai masu halattawa da sharuɗɗa. Ga kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, mai yin bushara ga wanda ya bar ƙarya ko da cikin raha ne. Ban ɗauki wannan da sauƙi ba, domin a Ban Yarda Ba bakinka ne ke cewa "bakwai" alhali tara ka ajiye. Fahimtata ita ce, wannan furuci motsi ne na wasa da kowa ya san ba labari ake ba shi ba, kamar maganar mai tatsuniya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da haka ba ya bari, kuma ina ganin girmansa. Ni dai abin da na tsaya a kai tun a wancan ɗakin girki shi ne, ba ko kwabo a kan tebur, in lokacin salla ya yi na ajiye katuna, kuma ba a rantsuwa. Wata rana ɗan Rashan, wanda ya koyi kalmar a bakina, ya ce in ce "wallahi" in gaskiya ne sarki biyu na ajiye. Na ce masa wannan kalmar ba ta shiga wasa. In yana shakka ya ce a buɗe, hanyar ke nan da muka amince da ita. Ya fahimta, bai sake nema ba.

Saura ɗan Indiyan nan mai shiru. Shi ya fi cin wasa a cikinmu, da tazara mai yawa, kuma mun daɗe ba mu gane sirrinsa ba. Ba ya tsokana, ba ya kallon kowa, da wuya ya ce bai yarda ba. Abin da na fara lura da shi shi ne yadda yake jera katunansa. Mu muna jerawa daga ƙarami zuwa babba, nasa kuwa a hargitse suke: ɗaya, shida, barde, uku, takwas, sarki, biyar, goma. Wani dare bayan an tashi na tambaye shi. Ya ɗauko takarda ya nuna mini. Tunda mu biyar ne, kuma lambobi goma sha uku ne ke zagayawa, wanda ya fara da ɗaya, layi zai dawo masa a kan shida, sannan goma sha ɗaya, sannan uku, sannan takwas, haka har ƙarshe. Tun daga rabon farko ya san kowace lamba da za a nema a wurinsa da lokacin da za a neme ta. Katunan da layinsu ke da nisa, su yake zubarwa da wuri, yana cusa su a cikin burga tun tarin yana ƙarami, lokacin da ba wanda ya damu ya musa, in ma an kama shi abin da zai kwasa kaɗan ne. Waɗanda layinsu ke tafe kuwa yana riƙe su. Ya ce mini kati na ƙarshe kowa zai ce a buɗe shi, tunda in an yi shiru wasa ya ƙare, saboda haka tun daga zagayen farko shi wannan katin yake tanada.

Washegari na zuba masa ido. Ya fara da ɗaya, ya bi layinsa, hannunsa yana raguwa, har ya rage masa kati guda. Layi ya zo kansa a kan goma, tarin da ke tsakiya ya kusa kai rabin karta. Ya ajiye katin a kife, a hankali, ya ce, "Goma, guda ɗaya." Mu huɗu muka dubi juna, kowa yana jiran wani ya ɗauki nauyin. Ɗan Ajantinan ya buga tebur ya ce bai yarda ba, ya miƙa hannu ya juya katin. Goma ce. Ya jawo tarin gabansa yana girgiza kai, ɗan Indiyan kuma ya tashi ya ɗora mana ruwan shayi.

Shugaba, a nan zan dakata. In akwai tambayoyi, bismillah.